Taron Tsofaffin Ɗalibai: Ina Waɗanda Ba Su Zo Ba?

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta shigo, har zuwa bayan Kirsimati, to, lokacin tarurrukan tsofaffin ɗalibai ya yi ke nan. 'Yan Gindiri su kira nasu, 'yan Waka ta Biu su kira nasu, haka 'yan Kagoro da Numan da Wusasa, da waɗanda suka fito daga kwalejojin ilmi na Pankshin da Gidan Waya da Hong da Akwanga, da kuma 'yan jami'o'in Zariya da Jos da Maiduguri. Ajin da ya cika shekara 25 ko 30 da gama karatu shi ya fi kowa zumuɗi. A yanka anko, a kama zaure, a buga takardar shiri mai hotuna, a soma da sujadar godiya a majami'a, sa'an nan a ci a sha, a tuna da wake mai ƙwari da bulalar shugaban makaranta, a yi ta dariya. Wannan abu ne mai kyau, kuma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma abin da nake so mu duba tare a yau shi ne kujerun da babu kowa a kansu.

Duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro ya san yadda yake tafiya. Mai gabatarwa zai ɗauki lasifika ya soma kiran mutanen babban tebur: Darakta wane, Farfesa wance, Honorabul wane, Rabaran Dokta wane. Bayan nan sai labarin iyali. Wane ya aurar da 'yarsa ta fari, wance ɗanta ya gama jami'a yana bautar ƙasa, su wane sun cika shekara 25 da aure, wance ta sami jika. Kowane ɗaya a tafa masa. Amma in ka ɗauki tsohon hoton aji ka soma ƙirga, sai ka tarar waɗanda suke cikin zauren ba su kai waɗanda ba su zo ba. Waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗansu suna nesa, kuɗin mota ya hana su. Amma akwai kashi na uku, waɗanda suke cikin garin nan, sun ga sanarwa a zauren WhatsApp na aji, sun san rana da wuri, suka zauna a gida. Abin da ya hana su zuwa tambayoyi biyu ne da suka san ba makawa za a yi musu tun daga bakin ƙofa: "Yanzu ina kake aiki?" da kuma "Yara nawa?"

Ra'ayina shi ne, ma'aunin da muke auna juna da shi a waɗannan tarurruka ma'aunin zamanin iyayenmu ne, bai dace da rayuwar da wannan tsara ta yi ba. Muddin kuwa muka ci gaba da aiki da shi, ƙungiyoyinmu za su zama na waɗanda ba su da bukatar taimako, su kuwa masu bukata kunya ta tsare su a gida.

Bari mu koma baya kaɗan domin mu ga inda ma'aunin ya fito. Tun da mishan ta SUM ta buɗe wurin horarwa a Gindiri a 1934, ta ƙara da sakandaren maza a 1950 da ta mata a 1958, kuma sauran mishan-mishan suka buɗe nasu a wurare dabam-dabam, duk yaron da ya gama irin waɗannan makarantu aiki ne yake jiransa. Mai takardar malanta mai daraja ta biyu tun bai gama jarrabawa ba an san makarantar da za a tura shi. Ya kama aiki ɗaya, ya riƙe shi, ana ƙara masa girma sannu a hankali, daga malamin aji zuwa hedimasta, daga nan zuwa ofishin ilmi, har ya cika shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, ya koma gida da fansho da garatuti. A wancan zamani, in aka ji mutum ya bar aiki a tsakiyar rayuwarsa, galibi akwai laifi, ko giya, ko hannu a kuɗin makaranta. Shi ya sa barin aiki ya zama abin kunya a idon jama'armu. Wannan kunya muka gada, alhali kuwa duniyar da ta haife ta ta riga ta shuɗe.

Dubi waɗanda a yau suke tsakanin shekara 45 da 55. Manyansu su ne yaran da suka shiga aji ɗaya a 1976, shekarar da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Suna sakandare shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya same su, darajar naira ta faɗi, albashin iyayensu ya zama ba ya kai wata. Suka shiga kwaleji da jami'a cikin shekarun 1990, yajin aikin malamai yana ƙara musu shekaru a kan karatu. Da suka fito, ba kowa ne ya sami aiki nan da nan ba. Waɗanda suka samu kuma, ga abin da ya biyo baya. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda take aiki tun 1957, ta tsaya a 2002, babbar masaƙa ta UNTL kuma ta rufe ƙofa a 2007. Kamfanin jiragen sama na ƙasa ya mutu a 2003. Zuwa ƙarshen 2005, bankunan ƙasar nan sun ragu daga 89 zuwa 25, bayan da Babban Banki ya ce kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25. A 2013 aka miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa. Bayan jarrabawar da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, malamai fiye da 21,000 suka rasa aikinsu, kuma ko mutum ya goyi bayan wannan mataki ko bai goya ba, kowane ɗaya daga cikinsu yana da iyali, yana da 'yan ajinsa.

Ba nan abin ya tsaya ba. A watan Oktoba na 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, aka kuma shiga hedkwatar ekklesiyar EYN a Kwarhi, malamai da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa da yawa sun gudu zuwa Yola da Jos da Abuja da rigar da ke jikinsu, suka soma rayuwa daga farko. Wanda ma ya tsira da aikinsa bai tsira da albashinsa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ko da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, farashin abinci ya riga ya yi gaba. To, mai karatu, tsarar da ta ratsa duk wannan, yaya za a ce a auna ta da ma'aunin aiki ɗaya har ritaya?

Saboda haka sauya sana'a shi ne ainihin labarin wannan tsara, ko an faɗe shi a lasifika ko ba a faɗa ba. Akwai tsohon ma'aikacin banki da yake kiwon kaji. Akwai malamin lissafi da ya sayi Keke Napep, yana koyarwa da safe, yana ɗaukar fasinja da yamma, daga baya ya ga keken ya fi alli biya, ya ajiye allin. Akwai injiniyan masaƙa da ya koma ɗaura wa mutane wutar sola. Akwai sakatariyar ofis da take sayar da hatsi a kasuwa, da wadda ta zauna da na'urar POS a bakin titi, da wanda ya koma gida Bokkos ko Mangu noman dankalin Turawa. Akwai kuma matar da ta yi shekara 15 tana renon 'ya'ya, yanzu tana da shekara 46 ta shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, tana rubuta jarrabawa tare da sa'o'in 'yarta. Gemu ba ya hana ilmi, furfura ma haka. Waɗannan mutane suna ciyar da iyali da guminsu, suna biyan kuɗin makaranta, suna ba da zakka da baiko, ba su saci kuɗin kowa ba. In da za a raba tafi bisa gaskiya, wanda ya faɗi ya tashi yana da shekara 48 bai kamata ya sami ƙasa da na wanda aka ƙara wa girma domin lokacinsa ya yi ba.

Mu da muke riƙe da Littafi Mai Tsarki ba mu da hujjar raina irin waɗannan. Musa ya tashi a fadar Fir'auna, ya sami dukan ilmin Masarawa, amma yana wajen shekara 40 ya koma kiwon tumakin surukinsa a Madayana, ya yi shekara 40 a kai. In da akwai taron tsofaffin ɗaliban fadar Masar, da wane suna za a gabatar da shi? Amma daga bayan garken nan ne Allah ya kira shi. Amos makiyayi ne daga Tekowa kafin a aike shi yin annabci. Matiyu ya bar teburin haraji, Bitrus da Andarawas suka bar taru. Bulus, wanda ya yi karatu a wurin Gamaliyel, ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti yana ɗinkin tanti da hannunsa, bai kuwa ɓoye ba. Ubangijinmu kansa mutanen garinsu da sassaƙa suka san shi. Daga ina ke nan muka koyi cewa aikin tebur da biro ya fi aikin hannu tsarki?

Amma kada wani ya ɗauka ina cewa kowane sauyi alheri ne. Akwai waɗanda dole a faɗa musu gaskiya cikin ƙauna, kuma 'yan aji sun fi kowa ikon faɗa, gama su ne suka san mutum tun yana sa gajeren wando. Na farko shi ne wanda aiki ya ƙare masa a wata ɗaya, a wata na gaba sai ga shi ya kama shago ya jera benci ya ce an kira shi hidima. Kiran Allah gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka bar babban aiki suka shiga makarantar Littafi Mai Tsarki suna da furfura, Allah ya yi aiki da su ƙwarai. Amma kira dabam, yunwa dabam. Wanda aka kira ba ya tsoron ekklesiyarsa ta gwada shi, ta tura shi horo, ta ajiye shi a ƙarƙashin wani. Wanda ya ƙi wannan duka, yana so ya zama shugaba tun ranar farko, kasuwa ya buɗe, kuma tumakin da zai tara su ne za su biya. Na biyu shi ne wanda ya ajiye aiki, ya sayar da fili, ya ci bashi domin neman kansila ko ɗan majalisa, don kawai 'yan unguwa sun soma ce masa Honorabul. Zaɓe ya wuce, masu kirari su watse, a bar matarsa da masu bin bashi.

Na uku shi ne wanda ya karɓi kuɗin sallama a dunƙule, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, ya zuba su duka wuri ɗaya. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, bayan an yi ta tallanta har a harabar majami'u, ɗan'uwa yana jawo ɗan'uwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ko sana'ar halal ma tana da nata hatsari ga wanda bai koya ba. Cutar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta cinye jarin manoman da suka daɗe a kai, balle sabon shiga da ya sa garatutinsa duka a gona ɗaya. Na huɗu kuma shi ne tafiya ƙasashen waje, wadda ta ɗauke mana ma'aikatan jinya da malamai da yawa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abinci inda yake, amma a lissafa da iyali. Tun watan Maris na 2024 gwamnatin Ingila ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tafiya da mata ko miji da 'ya'ya, a 2025 kuma ta rufe ɗaukar sababbi daga waje a wannan aiki. Auren da ya kai shekara 20 ba a riƙe shi da waya kaɗai. Duk waɗannan kurakurai suna da tushe ɗaya: mutum ya yanke shawara shi kaɗai, a ɓoye, domin yana jin kunyar a san halin da yake ciki. Da a ce yana da inda zai zauna ya ce, "'Yan'uwa, an sallame ni, ga abin da ke hannuna, me kuka gani?" da yawancinsu ba su auku ba.

Yanzu bari mu juya ga tambaya ta biyu, wato ta iyali, gama ita ta fi ta farko ciwo. Aiki ana iya ɓoye shi da babbar riga, amma wannan ba ta ɓoyuwa. A kowane aji akwai 'yar'uwar da ta kai shekara 47 ba ta yi aure ba, wataƙila domin ita ce ta ɗauki karatun ƙannenta duka. Akwai ma'auratan da suka yi shekara 20 suna jira, Allah bai ba su haihuwa ba. Akwai gwauruwar da ta binne mijinta tana da 'ya'ya huɗu, dangin miji suka kwashe kaya. Akwai waɗanda aurensu ya tsage, kowa yana zaune dabam, ana dai zuwa sujada. Akwai iyayen da ɗansu ya bar makaranta ya faɗa shaye-shaye, suna kwana ido biyu. Sa'ad da mai gabatarwa yake kiran masu jikoki su tashi tsaye, waɗannan ina za su sa idonsu?

Mu tuna da Hannatu matar Elkana. Littafin Sama'ila na fari ya nuna mana cewa wurin da baƙin cikinta ya fi tsananta shi ne wurin taron shekara-shekara a Shilo, inda ake zuwa sujada da cin abinci tare, inda ake raba wa kishiyarta Feninna da 'ya'yanta rabonsu a gaban idonta. Wato taron da aka shirya domin murna a gaban Allah shi ne ya zama mata wurin kuka, har ta kasa cin abinci, kuma firist ɗin da ya gan ta tana addu'a ya ɗauka buguwa ta yi. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyinmu su karanta wannan sura kafin su tsara shirin taro. Ba lalle sai an yi wa mutum gori da baki ba. Tsarin taro kansa yana iya yin gorin.

Su kansu waɗanda ake tafa wa, ba duka ne suke cikin sauƙi ba. Mai shekara 50 a yau yana tsakiyar kaya biyu: ga tsofaffin iyaye a ƙauye da kuɗin magani, ga 'ya'ya biyu ko uku a manyan makarantu, ga 'ya'yan 'yan'uwa da suka rasu. A kan wannan muka ɗora wa kanmu kaya na uku. Bikin aure ya zama sai da bikin sallamar amarya dabam, anko iri uku, zaure mai tsada. Jana'iza ta zama sai gawa ta yi makonni a ɗakin ajiyar gawa ana jiran a gyara gida a buga riguna. Kowane ɗaya kuma a aika wa 'yan aji takardar gudummawa. Wanda yake da albashi ya biya yana gunaguni. Wanda ba shi da shi ya yi shiru sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya fita daga ƙungiyar ba sallama. Haka muke rasa su, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma wani sauyi a cikin gidaje da ba a cika magana a kansa ba. Inda aikin maigida ya tsaya, sau da yawa albashin uwargida ko cinikinta ne yake riƙe da gida. Waɗansu maza sun karɓi wannan da godiya, suna kai yara makaranta, suna taimakon matansu a shago, gidan yana zaune lafiya. Waɗansu kuwa abin ya zama musu ɗaci, suka koma fushi ko kwalba. Waɗansu mata ma suka soma raini. Fastoci da Zumuntar Mata da Zumuntar Maza suna da aiki a nan, domin alkawarin da aka yi a gaban bagadi ya haɗa da ranar samu da ranar rashi, bai kuwa ambaci wanda zai kawo kuɗin cefane ba.

Na san wani zai ce, "To, malam, kada mu yi murna ke nan? Wanda Allah ya ɗaukaka ya ɓoye? Ai waɗannan manyan su ne suke gina wa tsohuwar makarantarmu azuzuwa, su haƙa rijiyar burtsatse." Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Godiya wajibi ce, kuma da yawa daga cikin makarantun nan da rufinsu ya riga ya faɗi in ba don tsofaffin ɗalibai ba. Wanda ya zama farfesa ko darakta da guminsa ya cancanci a taya shi murna, hassada kuma zunubi ce. Amma manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 12, ya haɗa taya murna da taya kuka a wuri ɗaya, mu kuwa mun ɗauki rabi mun bar rabi. Yakubu kuma a sura ta 2 ta wasiƙarsa ya tsauta wa taron masu bi da yake ba mai kyawawan tufafi wurin zama mai daraja, ya bar matalauci a tsaye. Ban ga abin da ya raba wannan da babban teburinmu ba. Kuma in ƙungiya tana iya gyara ginin aji, me zai hana ta gyara rayuwar wanda ya zauna a cikin ajin? Shi ma na babban tebur ya tuna, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kujerar siyasa shekara 4 ce, ta ofis kuma tana da ranar sauka.

Me za mu yi ke nan? Abu na farko ba ya bukatar ko kwabo. Kafin ranar taro, sakataren aji ya ɗauki jerin sunaye ya fitar da waɗanda aka yi shekara biyu ko uku ba a gani ba, a raba su ga 'yan aji bibbiyu, a je musu gida da ƙafa. Kada a je da takardar bashin kuɗin ƙungiya, a je da gaisuwa. A yafe abin da ya wuce, a ce masa ko ba anko ya zo. Wannan ya haɗa da 'yan ajinmu Musulmi, gama tun da gwamnati ta karɓi makarantun mishan da yawa a shekarun 1970, irin su St. John's ta Kaduna da ta zama Kwalejin Rimi da St. Paul's ta Zariya da ta zama Kufena, tare muka ci daga kwano ɗaya, kuma bayan rikice-rikicen Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 da suka raba unguwanni, taron aji yana cikin 'yan wuraren da suka rage mana na haɗuwa.

Na biyu, a ranar taro a sauke babban tebur. A kira kowa da sunan da aka san shi da shi a makaranta, a bar muƙamai a cikin mota. In za a yi addu'ar godiya domin masu sabon muƙami da masu jikoki, a yi ta tare da addu'a domin masu neman aiki, da masu jiran haihuwa, da gwauraye da marayun aji, ba tare da an sa kowa ya tashi tsaye ba. Fastocinmu ma su saba da karɓar godiyar wanda ya buɗe shagon walda da irin fara'ar da suke karɓar ta wanda ya zama babban sakatare.

Na uku, kuɗin da ake kashewa a kan zaure da kyaututtukan girmamawa a rage shi, a kafa asusun taimakon kai da kai mai rajista, mai littafi da masu binciken kuɗi, domin ba da rance ga wanda zai soma sana'a. Amma kafin rance, koyo. A cikin aji ɗaya akwai likitan dabbobi, akwai akanta, akwai lauya, akwai wanda ya yi shekara 10 yana kiwon kifi. Wanda zai shiga sana'a ya je ya yi wata uku a wurin wanda ya riga shi, ya ga riba, ya ga asara, kafin ya taɓa jarinsa. Akwai kuma Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa da hukumar ITF mai hedkwata a Jos, waɗanda aikinsu ke nan koyar da sana'o'i.

Na huɗu, a keɓe awa ɗaya cikin shirin taro domin abubuwan da mai shekara 50 ya kamata ya sani. Mutane da yawa ba su san cewa a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wanda yake da asusun fansho ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, in ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana da ikon neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Malamai su bincika yadda jiharsu take aiki da dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Lauyan aji ya yi bayani a kan rubuta wasiyya da gyara sunan magaji a takardun aiki, domin kada matan 'yan'uwanmu su shiga hannun dangi. Ma'aikatan jinya na aji su zo da abin awon jini da na sukari, gama hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma a wannan shekaru ne yake ɗauke mana mutane.

'Yan'uwa, makarantun da suka tashe mu ba domin su yi mana muƙami kaɗai aka kafa su ba. An koya mana mu yi sharar ɗaki tare, mu yi noma a gonar makaranta tare, in ɗaya ya kwanta ciwo sauran su kai masa abinci. Ɗan sarki da ɗan talaka gado iri ɗaya, kwano iri ɗaya. Wannan ne gadon da ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙe. Ina roƙon kowane shugaban aji da kowane sakatare, kafin taro mai zuwa, ya zauna ya rubuta sunayen waɗanda ba su zo bara ba, ya tambayi kansa dalili, sa'an nan ya tashi ya je. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuka ɓuya saboda aiki ya sauya ko gida bai tafi yadda kuka so ba, ku fito. Ba ku yi abin kunya ba, kuma akwai da yawa irinku a cikin zauren nan, babbar riga ce kawai ta rufe su.

Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu, ya ta'azantar da masu jira da masu makoki, ya kuma ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna. Amin.